Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Shirin Fita Nema

'Ya'yana da jikokina na Unguwar Dosa a Kaduna, maza da mata.

A 'yan shekarun nan, duk majalisar da samari suka haɗu, daga wajen SMC har zuwa Kawo, hirar takan ƙare ne a kan fita. Wannan ya ce Legas zai nufa da babur, wancan ya ce abokinsa yana Libiya yana aikin gini, wata kuma an gaya wa mahaifiyarta akwai aikatau a Saudiyya in an haɗa kuɗin biza. Ni dai ba zan buɗe baki in ce muku kada ku tafi ba. Wanda ya ce Bahaushe ya zauna wuri guda bai san tarihin Bahaushe ba. Kakanninmu da jakai suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, suka kafa zango a Salaga da Kumasi. Wasu suka zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wasu a Agege. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa suka yi gabas, aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, zuriyarsu ta yi aikin auduga a gonakin Jazira na Sudan. Ita kanta Kadunan da muke taƙama da ita, ban da Gbagyi da aka tarar, kusan kowa zuwa ya yi. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, sai jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati suka yi ta jawo mutane daga ko'ina.

Kuma na san abin da ke tura ku. Mu mun ga lokacin da titunan Kakuri ke cika maƙil da kekuna idan an tashi daga aiki, masaƙun KTL da UNTL da Arewa suna ɗaukar dubban ma'aikata, ga kamfanin Peugeot, ga matatar mai. A lokacin mu ake zuwa wa. KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Yaron da ya tashi bayan wannan, ya gama makaranta ya rasa inda zai kai takardarsa, ba a ce masa rago don ya ɗaga ido ya dubi wata ƙasa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, duniyar da za ku shiga ta bambanta da wadda kakanni suka ratsa. Su sunan mai masauki ma guzuri ne. Bafatake ya isa zango, ya faɗi garinsu da sunan ubangidansa, a ba shi ɗaki, a adana masa dukiya, in ya mutu a yi masa sutura. Yau iyaka ce da takarda, kuma dokar baƙi tana iya sauyawa tsakanin magariba da asuba. Idan ta sauya, attajiri yana da lauya da kuɗin jirgi. Lebura take fara faɗa wa a ka.

Ku tambayi tsofaffin da suka zauna Gana. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fita. Akwai Hausawan da a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu, ba su taɓa tunanin neman wata takarda ba, don ba su ɗauki kansu baƙi ba. Gidaje da rumfunan kasuwa aka yi ta sayarwa a wulaƙance, wasu ma aka bar su haka nan da makulli a jiki. Suka iso Najeriya da Nijar suna tambayar hanyar garuruwan da sunansu kawai suka sani.

Mu ma mun yi wa wasu, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Shekara 4 kacal bayan haka, a Janairun 1983, da farashin mai ya faɗi, ayyuka suka yi ƙaranci, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Togo da Benin da sauransu. Masu gyaran takalmi, teloli, magina, har da masu koyarwa, jiya suna cikinmu, yau suna kan manyan motoci da buhunan kaya. Jakar ledar nan mai ratsin ja da shuɗi da kuke zuba kaya a ciki, daga wannan kora ta samo sunan da ake kiranta da shi. A 1985 aka sake yi. Waɗannan mutane ba su suka karya farashin mai ba. Amma idan ciki ya ɗauri yunwa, gwamnati kan nemi wanda za ta nuna wa jama'a da yatsa, kuma baƙo ne mafi sauƙin nunawa, don ba shi da ƙuri'a.

Kada ku ce wannan labarin da ne. A gabanku aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A gabanku, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake datse iyaka har zuwa Maris na 2024, tsakanin Katsina da Maraɗi, mutanen da kaka ɗaya ta haifa. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. An ce zirga-zirga za ta ci gaba yadda take kafin a ga abin da hali zai yi. To, rayuwar mutum da iyalinsa ke nan a rataye da “kafin a gani”.

Idan kuna son sanin halin da ɗan ci-rani ke ciki, ba sai kun je nesa ba. Ku leƙa ƙofar gida da sassafe. Ga mai ruwa nan ya turo kura, jarka 10 ko 12, kowace lita 25, nauyin da ya kai kilo 250 zuwa 300, kan hanyar da zaizayar ruwa ta cinye. Ku dubi yadda yake dafe kurar da ƙirji idan ya zo hawa, silifas ɗinsa ɗaure da waya, wuyan rigarsa ya yi fari da gishirin gumi. Da yawansu daga ƙasar Damagaram ko Maraɗi ko Tawa suke, wasu daga ƙauyukan Katsina da Jigawa da Zamfara. Sun gama girbi sun zo, da niyyar komawa kafin ruwa ya sauka. Kurar ma sau da yawa haya ce, sai ya biya mai ita, ya biya mai rijiyar burtsatse, abin da ya rage shi ne nasa. Ya kwana a kango ko a bakin shago, su biyar su shida. Kuɗinsa yana wurin mai shayi ko mai kanti ɗan garinsu, don ba shi da asusun banki. In zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar babu ko sisi. Sa'an nan ga wata asara da ba ya da hannu a ciki: tun da darajar naira ta zube a 2023, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000, wato gumin da ya yi a nan yana narkewa kafin ya kai gida.

Wannan bawan Allah ne wasunmu ke ce wa “zuba, ka dawo gobe”, goben kuma ta ƙi zuwa. Shi ne idan an yi sata a layi ake fara kallo. Shi ne yara ke bi da tsokana suna kwaikwayon Hausarsa, manya na ji ba sa tsawatarwa. Haka maigadi Buzu da ya kwana a tsaye don mu yi barci, albashinsa ya shiga wata na biyu ana ce masa ya yi haƙuri, don an san ba shi da inda zai kai ƙara. 'Ya'yana, wannan zalunci ne, ko da kuɗin kaɗan ne. Malamanmu sun sha faɗa mana nauyin haƙƙin ɗan ƙwadago da hatsarin jinkirta shi. Kai da kake shirin tafiya, gobe kai ne shi a ƙofar wani. Yadda kake so a yi maka a Tarabulus ko Jidda ko Fatakwal, fara yi wa wanda ke ƙofarka. Ka biya shi a kan lokaci, ka san sunansa da garinsu, in an zarge shi ba hujja ka tsaya masa.

Yanzu bari in bi hanyoyin da kuke ambata.

Masu nufin Kudu, kuna cikin ƙasarku, kuma sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zuwa ko'ina ya zauna. Amma abin da ke rubuce daban, abin da ke kan titi daban. A 2019 an tsare mutum 123 'yan Jigawa a Legas da baburansu, a cikin babbar mota, ba don sun yi laifi ba. A 2020 da 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan birnin, aka yi ta kama babura ana murƙushewa, da yawansu bashi aka ci aka saya. A Maris na 2025 kuma, a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Kano da ke hanyar komawa gida yin salla. Allah ya jiƙansu. Don haka kada ka tafi sai da katin shaidarka a jikinka. Kada ka ci bashin babur sai ka tabbatar an yarda da acaba a inda za ka. Da ka sauka, ka gabatar da kanka ga Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan sana'arka, a san da zamanka. Wannan tsarin na kakanni har yau yana ceton rai.

Masu maganar Libiya da Aljeriya, ku ba ni kunnenku da kyau. Daga Agadas ake cusa mutum fiye da 20 a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa da sanda tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, da jarkar ruwa guda. Idan mota ta lalace ko direba ya ɓata, ruwan nan ne iyakar kwanakin mutum. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, Hausawa 'yan'uwanmu, ƙishirwa ta kashe su. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, Turai na mara mata baya. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka koma ta ɓoye, kuɗi ya ƙaru, hatsari ya ƙaru. A Nuwamban 2023 sojoji suka soke dokar. Kun ga yadda abin yake: a kafa, a soke, kowace gwamnati da lissafinta, matafiyi kuwa ba a tambaye shi ba.

Wanda ya tsallake hamada ma bai tsira ba. Dillali zai ce maka “taho, in ka isa ka biya”. Wannan kalma ita ce ƙofar gidan bashi. A Sabha da wasu garuruwan Libiya akwai gidajen da ake kulle mutum, a kira iyayensa a waya ana dukansa suna ji, har sai an sayar da gona ko fili an tura kuɗi. A 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya. Aljeriya kuma takan kwashe baƙi a manyan motoci ta sauke su a fili, su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka, ba tare da albashin da suka bari a hannun masu gini ba. Ni a ganina, duk tafiyar da aka ce sai da dare, ba fasfo, ba a san wanda zai tarbe ka ba, barinta ya fi alheri komai matsin da ake ciki.

Sai maganar Saudiyya, wadda ta fi shafar 'yan matanmu da zawarawa, kuma a nan da iyaye nake. Son ƙasa mai tsarki yana cikin zuciyar kowane Musulmi, dillalai kuma sun san haka, da shi suke shiga gidaje. Ku fahimci yadda tsarin yake. Ma'aikaci a can yana ƙarƙashin kafili ne, igamarsa, wato takardar izinin zamansa, a ɗaure take da sunan wanda ya kawo shi. A Maris na 2021 an sassauta dokar, aka ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su ne kuwa ayyukan da aka fi kai mutanenmu. Yarinya ta sauka, a karɓe fasfonta tun daga filin jirgi, wani lokaci har da wayarta. Wanda ya riƙe fasfonka kuwa tamkar ya riƙe igiyar da ke wuyan akuya ne, inda ya ja nan za a bi. Ta yi aiki daga asuba har tsakar dare, gida mai hawa biyu ko uku, a ce albashin watannin farko na dillali ne. In ta gaji ta fita, kafili ya kai rahoto cewa ta gudu, daga ranar ta zama mai laifi a idon hukuma. Ƙarshenta gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora, tsakanin Jidda da Makka, sai a sako ta jirgi da kayan jikinta.

Ban ce kowa haka ta same shi ba. Akwai waɗanda suka faɗa hannun mutanen kirki, suka yi shekarunsu, suka dawo suka gina gida. Amma ba a aika 'ya bisa sa'a. Haka masu shiga da bizar Umara su maƙale su zama takari: shekaru suna ɓuya, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, 'ya'yan da aka haifa a can ba takarda ba makaranta, ranar da aka kama su a kawo su Kano, garin da ba su taɓa gani ba.

Don haka idan dillali ya zo, a ba shi ruwa, a girmama shi, sa'an nan a tambaye shi. Ina ofishinku? Ina lasisin da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta ba ku na kai ma'aikata waje? Bizar nan ta aiki ce ko ta ziyara? Ina takardar yarjejeniya, nawa ne albashi, nawa za a cire, wata nawa? Wa zai biya kuɗin jirgin dawowa? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce a yi sauri, ko a rufa asiri kada 'yan'uwa su ji, ko ya ce a rage ko a ƙara shekaru a fasfo, a sallame shi. In kun ga alamar safarar mutane ce, akwai hukumar NAPTIP da aka kafa tun 2003 don wannan. Mai tafiya ya bar hoton fasfonsa da na yarjejeniya a gida, ya haddace lambar wayar mutum biyu da ka, ya san inda ofishin jakadancin Najeriya yake. Kuma kada ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito, don hukuncin ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa.

Sana'a kuma ita ce abin da ba a ƙwacewa a shingen bincike. Mai walda, mai gyaran wuta, mai ɗaura tayil, makaniki, tela, duk inda ya sauka ana nemansa, kuma yana iya cewa a'a idan an raina masa. Wanda ƙarfinsa kawai ya kai, akwai dubu irinsa a bakin titi suna jiran motar ɗiban lebura. Shekara biyu a garejin Kawo ko Panteka kafin tafiya ba ɓata lokaci ba ne.

Mu na gida ma da namu. Muna matsa wa yaro da gori, ɗan wane ya turo kaza, ɗan wane ya sayi fili, har ya fita ba shiri. In ya tafi kuma, waya ba ta yankewa da buƙatu, ba mai tambayar ko ya ci abinci. Hotunan da kuke gani a Facebook, mutum a jingine da motar da ba tasa ba, ba sa nuna ɗakin da yake kwana. Akwai 'ya'yanmu da yawa da ke can cikin wahala, hanyar dawowa a buɗe take, kunya ce kawai ta riƙe su, don sun san abin da za a faɗa a unguwa idan sun dawo hannu rabbana. Wanda ya dawo da ransa a tarbe shi da murna, a yi masa barka, a taya shi neman abin yi. Kada a bari ya zama abin zunɗe a majalisa, har baƙin ciki ya sake mayar da shi hamada.

Roƙona gare ku shi ne, kafin ɗayanku ya miƙa wa kowa ko naira ɗaya, ya nemi mutum biyu da suka je inda zai je suka dawo, wanda ya samu da wanda bai samu ba, ya zauna ya saurare su har ƙarshe. Muna da su a nan Unguwar Dosa, a Badarawa, a Unguwar Kanawa. Sa'an nan ya kawo takardun gaban mahaifinsa, ko limamin masallacinsu, ko mai unguwa, a sami wanda ya iya karatunsu ya karanta a bainar mutane. In an ga hanya ce mai kyau, mu da kanmu za mu raka shi tasha mu sa masa albarka. Allah ya tsare mana ku, ya ba ku halaliyarku a inda take.